Kwana goma a Girka: Santorini, Kirit ko Rodos?

Ƙanwata ce ta turo min tsarin tafiyar da suka rubuta ita da maigidanta. Shekara biyu suna tara kuɗin, hutun da ya samu a wurin aiki kuma kwana goma ne cak. A cikin kwana goman nan sun jera Atina, Delfi, Mikonos, Santorini, Kirit da Rodos, a ƙasa ta ƙara da cewa: "Yaya, duba mana ko akwai abin da muka manta." Na ce mata sun manta da barci.

Laifin taswirar waya ne. Idan ka buɗe ta sai tsibiran Girka su yi maka kamar ƙauyukan da ke jere a bakin titi, ka tsaya nan ka sha ruwa, ka wuce can ka ci tsire. Amma daga tashar jiragen ruwa ta Pireyas, wadda ke gefen Atina, babban jirgi yana cin kusan awa 8 kafin ya kai Santorini, awa 9 zuwa Kirit, Rodos kuwa awa 13 ne idan an yi sa'a. Duk ranar da ka sauya tsibiri, tsakanin haɗa kaya, barin otal, jiran jirgi da neman sabon masauki, rabin yini ya tafi, wani lokaci yinin gaba ɗaya. Cire ranar sauka da ranar komawa, tunda babu jirgin sama kai-tsaye daga Najeriya, sai an bi ta Istanbul ko Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha. Cire kwana biyu ko uku na Atina. Abin da ya rage a hannunka kwana biyar ne, da ƙyar shida. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Saboda haka zaɓin na gaskiya tsakanin hanyoyi uku ne bayan Atina: Santorini da maƙwabciyarta Naksos, ko Kirit ita kaɗai, ko Rodos. Kowacce akwai wanda ta dace da shi.

Atina ba ta cikin gardamar

Duk hanyar da ka ɗauka, daga nan za ka fara. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, layi na 3, yana ɗauko ka daga filin jirgi zuwa dandalin Sintagma cikin kamar minti 40, kuma tun 2022 layin ya zarce har Pireyas, abin da ya rage wa masu shiga jirgin ruwa wahalar tasi.

Tikitin hawa Akropolis, dutsen da ke tsakiyar Atina mai tsoffin gine-gine a samansa, yuro 30 ne tun watan Afrilun 2025, kuma da lokaci ake sayar da shi, an ƙayyade mutum 20,000 a rana. Sayi na ƙarfe 8 na safe ta intanet. Na san Basakkwace zai ce wace rana ce Turai za ta nuna masa, to amma saman dutsen nan kusan babu inuwa, farin dutse ne yana maido maka da zafi a fuska, kuma a tsakiyar bazara hukuma da kanta takan rufe wurin da tsakar rana idan zafi ya kai maƙura. Ga santsi, don ƙafafun mutane sun goge dutsen ya zama kamar tangaran. A bar takalmin gayu a otal.

Partenon, ginin da kowa ke gani a hoto, an fara shi a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Perikilis, aka gama cikin shekara 15. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne ya yi zaman coci na ɗaruruwan shekaru, sannan ya zama masallaci bayan Turkawan Usmaniyya sun ci birnin a ƙarni na 15. Da rufinsa da komai yake tsaye har 1687, lokacin da sojojin Benis, wani birni da ke Italiya ta yau, suka harba igwa ta faɗa kan albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki. Ragowar sassaƙen jikinsa kuma, wani jakadan Ingila mai suna Elgin ya kwashe kusan rabi daga 1801, suna Landan har gobe, Girkawa na ta kai gwauro suna kai mari a dawo musu da su. Idan ka shiga gidan tarihin Akropolis da aka buɗe a 2009, a saman bene za ka ga an jera na asalin da suka rage, an cike gurbin waɗanda ke Landan da fararen kwafi, da gangan, don kowa ya ga giɓin.

Yini na biyu na babban gidan tarihin ƙasa ne, inda fuskar zinariyar da aka tono a Mikine a 1876 take, da kuma wata na'urar tagulla mai haƙoran agogo da aka ciro daga ƙarƙashin teku kusa da Antikitira a 1901, wadda ake lissafin tafiyar rana da wata da ita sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Da yamma a gangara Monastiraki, a ga tsohon masallacin 1759 da ke bakin dandalin. Ba a salla a cikinsa yanzu. Mai son Juma'a ya nufi unguwar Botanikos, kusa da tashar Eleyonas, inda gwamnati ta buɗe masallaci a Nuwamban 2020.

Delfi, tsohon wurin bauta a cikin tsaunuka, tana da kyau, amma kusan awa 3 ce zuwa, 3 dawowa. A kwana goma, ni dai na cire ta.

Santorini da Naksos

Bari in faɗi gaskiya kafin a ce ƙyashi nake: Santorini ta kai yadda ake faɗa. Dutse mai aman wuta ne ya fashe wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, tsakiyar tsibirin ya rufta, teku ya cika ramin, aka bar gefen kamar jinjirin wata. A saman gangaren nan ne aka gina fararen gidajen Fira da Imerobigli da Oia (a rubuce Oia ne, a baki kuwa "Iya" suke cewa, kamar kana kiran tsohuwarka). Akwai hanyar ƙafa ta kimanin kilomita 10 daga Fira zuwa Iya a kan bakin gangaren. Wanda ya taka ta da sanyin safiya ya ci riba.

Tarihinta kuma ba na wasa ba ne. A Akrotiri, kudancin tsibirin, an fara tono a 1967, aka tarar da gari guda da toka ta binne: gidaje masu bene biyu da uku, magudanar ruwa a ƙarƙashin tituna, manyan tuluna a inda masu su suka bar su, zanen bango da launinsa bai dushe ba. Ba a samu gawarwaki ba, alamar mutanen sun ga take-taken dutsen sun gudu tun da wuri. An yi wa wurin rufi gaba ɗaya, don haka ko da tsakar rana a inuwa kake. Awa biyu ta isa.

To, bayan Akrotiri da faɗuwar rana, sai me? A nan matsalar take. Tsibiri ne mai mazauna kimanin 15,000, amma a rana ɗaya manyan jiragen yawon shaƙatawa kan sauke dubbai, har ta kai daga 2025 gwamnati ta sa wa fasinjojinsu harajin yuro 20 a lokacin cunkoso. Ranar da na je kallon faɗuwar rana a Iya, tun ƙarfe 6 lungunan suka toshe, kowa waya a sama, wata mata da doguwar riga ja ta tare matakala ana ɗaukarta hoto, mu kuma muna bayanta a tsaye kamar layin mai. Rana ta faɗi, aka tafa mata, sannan aka shiga kokawar neman bas. Hoton da na samu ya yi kyau ƙwarai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sai matakala. Ɗakunan da ke kallon ramin tekun, waɗanda su ne ake zuwa dominsu, yawanci sai ka sauka matakala da yawa da akwati a hannu, kuma kuɗinsu kan ninka na ɗaki irinsa a Kirit sau biyu ko uku. Idan da tsoho a tafiyar, ko mai juna biyu, ko ƙananan yara masu son leƙe, a yi tunani. Bakin tekunta baƙin yashi ne da tsakuwa, a Kamari da Perisa, da rana yana ƙona tafin ƙafa. Ruwan famfo ba a cika sha ba, na gora ake saye.

Shi ya sa wanda ya zaɓi wannan hanya nake ce masa ya zauna a Naksos, ya kai wa Santorini ziyara. Naksos ita ce mafi girma a rukunin tsibiran Kikiladis, kuma mutanenta manoma ne da makiyaya kafin su zama masu otal. Dankalinta da cukunta sun yi suna a duk ƙasar, naman da za ka ci daga tsaunukanta ya fito. Tun kana cikin jirgi za ka hango Portara, wata ƙatuwar ƙofar dutse tsaye ita kaɗai a bakin ruwa, ragowar ɗakin bautar da aka fara wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa ba a gama ba. A Apolonas, can arewa, akwai mutum-mutumin da ya haura mita 10 kwance a inda ake fasa dutse, masassaƙa sun yi nisa da shi suka watsar. Yashin bakin tekunta fari ne mai laushi, ruwan kuma ba zurfi a wurare da yawa, yara za su sake. Tsakaninta da Santorini awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Kwana uku a Naksos, biyu a Santorini, an gama.

Mikonos fa? Rawar dare da shaye-shaye a bakin teku ne kasuwarta, kuma ta fi ko'ina tsada. Dalili ɗaya na zuwa can ga mai son tarihi shi ne tsibirin Dilos da ke minti 30 daga gare ta, kuma da bazara akan sami jiragen yini daga Naksos zuwa Dilos ɗin. Na soke Mikonos daga takardar ƙanwata ba tare da na tambaye ta ba.

Akwai kuma iska. A watannin Yuli da Agusta wata iskar arewa da suke kira meltemi tana kaɗawa kwana da kwanaki a wannan yanki. Ƙananan jirage masu gudu, waɗanda ke kai ka Santorini cikin awa 5 maimakon 8 a kan kusan ninkin kuɗi, su ne ta fi wahalarwa. Na taɓa shiga ɗaya a irin wannan rana. Minti 20 da tashi ma'aikata suka fara rabon leda, kuma babu wanda ya tambayi ta mece ce. Wani lokaci ma soke tafiyar ake yi. Babban jirgi ya fi jinkiri, amma za ka iya fita waje ka sha iska, ka ci abinci ya zauna.

Kirit

Kirit, wadda a kan tikiti za ka ga an rubuta Crete, kiran ta tsibiri ma kamar raini ne. Tsawonta kilomita 260, mutanenta sun haura 600,000, tana da tsaunukan da ƙanƙara ke rufewa da hunturu. Ko babu baƙo ko ɗaya, kasuwa na ci, makaranta na buɗe, ana tatsar man zaitun. Wannan shi ne babban bambancinta da Santorini, kuma a cikin kwanon abinci da takardar kuɗin otal za ka gan shi.

Ta fuskar tarihi ba ta da na biyu a cikin ukun. Kinosos, kilomita 5 daga birnin Irakliyo, fada ce ta mutanen da ake kira Minowa, waɗanda suka riga Partenon da sama da shekara dubu. Wani ɗan garin, Minos Kalokerinos, shi ya fara tona wurin a 1878, sannan Baturen Ingila Arthur Evans ya ɗora daga 1900. Evans bai tsaya a tono ba, ya sake gina wasu sassa da kankare, ya shafa musu launi yadda yake zaton suke, masana kuma har yau suna gardama ko gyara ya yi ko ɓarna. Jajayen ginshiƙan da ake ɗauka a hoto nasa ne. Don haka shawarata a fara da gidan tarihin Irakliyo, inda kayan asali suke: zanen samarin da ke tsallake bijimi, da faifan yumɓun Festos da aka samu a 1908, mai ɗauke da rubutun da har yanzu babu wanda ya karanta shi. Rubutu iri biyu aka fi samu a allunan tsibirin. Ɗaya wani matashin mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware shi a 1952, ya zamana tsohon Girkanci ne. Ɗayan yana nan a kulle. A Yulin 2025 UNESCO ta sa fadojin Minowa guda shida cikin jerin wuraren tarihin duniya.

Sannan akwai babin da ya fi ba ni sha'awa. A shekarun 820, wasu Musulmin Andalus da aka kora daga Ƙurɗuba, bayan sun yi zama a Iskandariyya, suka tsallaka suka ci Kirit ƙarƙashin Abu Hafs Umar. Suka kafa gari suka zagaye shi da rami, suka kira shi Rabadul Khandaƙ. Khandaƙ ɗin nan dai da muka sani a tarihin yaƙin gwalalo. Rumawa suka karɓe tsibirin a 961, suka riƙe sunan a bakinsu ya zama Handakas, mutanen Benis suka mayar da shi Kandiya, shi ne Irakliyon yau. Ganuwar da za ka gani a birnin ta Benis ce, kuma sai da Turkawa suka yi shekara 21 suna kewaye da ita, daga 1648 zuwa 1669, kafin ta buɗe.

Irakliyo kanta gari ne na hayaniya da kankare, kwana ɗaya ko biyu ya isa. Wurin zama Haniya ce, kilomita 140 yamma. Tsohuwar tasharta ta jiragen ruwa tana da hasumiyar fitila wadda Misrawa suka sake ginawa zamanin da Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, ke riƙe da tsibirin, a bakin ruwan kuma ga masallaci mai ƙubba da aka gina bayan 1645. Yanzu wurin baje zane ne. Masallacin Neraze da ke garin Retimno, mai doguwar hasumiya, ya zama makarantar kiɗa. Musulmin Kirit na ƙarshe sun bar tsibirin ne sakamakon yarjejeniyar musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya ta 1923, alhali yawancinsu Girkanci ne harshensu. Mutum zai tsaya a gaban ginin nan ya ji wani iri. Salla dai a ɗaki, alƙibla kudu maso gabas.

Masu ƙarfin ƙafa suna da kwazazzabon Samariya, tafiyar kilomita 16 daga saman tsauni zuwa teku, ana buɗe shi daga Mayu zuwa Oktoba. Masu son ruwa suna da bakin tekun Elafonisi da na Balos, sai dai kowanne yini guda yake ci.

Illar Kirit ita ce nisa. Bas daga Irakliyo zuwa Haniya kusan awa 3 ne, kuma ƙauyukan da abincin kirki yake sai da mota. Ana tuƙi a hannun dama kamar gida, amma kamfanonin haya za su nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, a yi shi kafin a taso. Hanyoyin tsauni siraru ne, awaki kuma su ne da titi. Wanda ke neman fararen gidaje masu shuɗiyar ƙubba kuma ba zai same su a nan ba. Zuwa kuwa da sauƙi: minti 50 a jirgin sama, ko jirgin ruwan dare da ke tashi daga Pireyas wajen ƙarfe 9, ka kama ɗaki ka kwanta, ka farka a Kirit da asuba. Kuɗin ɗakin ya maye na otal, kuma ba ka yi asarar yini ba.

Rodos

Rodos tarihinta na baya-bayan nan ne ya fi fitowa. Shahararren mutum-mutumin tagullar nan mai mita 33, ɗaya daga abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, girgizar ƙasa ta kayar da shi wajen shekara ta 226 kafin haihuwar Annabi Isa, babu ko ɓurɓushinsa, kada kowa ya sayar maka da tikitin ganinsa. Abin gani shi ne tsohon birnin da ke cikin ganuwa mai kusan kilomita 4, wanda mayaƙan Kirista na ƙungiyar Yohanna suka gina a shekaru ɗari biyun da suka riƙe tsibirin, har Sarki Sulaiman na Usmaniyya ya kore su a 1522. Mutane na zaune a ciki har yanzu, za ka iya kama ɗaki a lungun da mota ba ta shiga. Tsohon zamani kuma yana Lindos, kimanin kilomita 50 kudu, wurin bauta a saman dutse da farin ƙauye a gindinsa. Tsibirin Simi, mai gidaje kala-kala, tafiyar kamar awa ɗaya ce.

Abin da Rodos ta fi sauran da shi ga Musulmi sanadinsa siyasa ce. A 1923 tana hannun Italiya, wadda ta karɓe ta a 1912, don haka musayar jama'ar nan ba ta shafe ta ba. Musulminta da na tsibirin Kos suna nan, 'yan dubbai. Masallacin Ibrahim Pasha na ƙarni na 16 da ke cikin tsohon birni ana salla a cikinsa, daura da masallacin Sulaiman kuma akwai ɗakin karatu na 1793 mai rubutattun littattafan Larabci da Farisanci da Turkanci. Idan tafiya da iyaye ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a je ta sama, awa ɗaya daga Atina, kuma a san cewa haɗa ta da Santorini ko Naksos cikin 'yan kwanaki wahala ce. Za a kwaɗaita maka tsallakawa Marmaris ta Turkiyya, tafiyar awa ɗaya. Mai fasfon Najeriya yana bukatar bizar Turkiyya, kuma idan bizarsa ta Shengen, wadda ake shiga Girka da ita, ta shiga sau ɗaya ce, ya fita ke nan, ba dawowa.

Abinci

Kalma ɗaya za ka haddace kafin komai: hirino, wato naman alade. Giros ɗin da ke juyawa a jikin ƙarfe kamar shawarma, a Girka na alade ne sai in an ce na kaza, haka ma tsiren da suke kira subulaki. Kaza kotopulo, rago arni, akuya katsiki, sa moshari, kifi psari. Niƙaƙƙen nama wani lokaci gauraye ne, a tambaya, kuma wasu miyar nama da giya ake dafa su. Mai son yankan Musulmi zalla zai same shi a Atina, wajen Omoniya da titin Aharnon, inda 'yan Pakistan da Bangaladash da Larabawa ke da shaguna. A tsibirai da wuya.

Amma ba za ka ji yunwa ba, albarkacin azumin Kiristocin Girka. Suna da kwanaki masu yawa a shekara da ba sa cin nama da madara, don haka kowane gidan abinci ya san kalmar nistisimo, abincin azumi. Akwai tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa aka gasa, manyan wake a miyar tumatir, har kuɓewa, wadda suke kira bamiyes, sai dai tasu ba ta yauƙi. Kifi da kilo ake sayarwa, ka sa a auna a gabanka a faɗi kuɗin kafin ya hau wuta. Ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 9, kuma babu yaji, a tafi da na gida.

Idan aka jera ukun, Santorini na da faba, wani fate na niƙaƙƙen wake rawaya, da soyayyen ƙullin tumatir, masu daɗi, amma rabin kuɗin na kujerar da ke kallon teku ne. Rodos na da pitarudiya, ɗan'uwan ƙosai, da melekuni, wanda kantun riɗi ne da zuma. Kirit ta yi musu nisa. Akwai dakos, busasshen burodin sha'ir da aka jiƙa da tumatir da man zaitun aka barbaɗa cuku. Akwai gamopilafo, shinkafar biki da ake dafawa a romon akuya da rago, a zuba man shanu da lemon tsami. Akwai antikiristo, inda ake soke manyan yankan rago a jera su kewaye da wuta suna gasuwa a hankali na awoyi, da gishiri kawai; duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire zai gane aikin. Apaki kuwa ƙyafaffen alade ne, a kiyaye.

A wani ƙauye sama da Retimno, bayan mun gama ci, dattijon mai wurin ya ajiye mana kankana da wata 'yar kwalba mai ruwa garai-garai, ya ce kyauta ce. Na tsiyaya na kai baki, hancina ne ya cece ni. Raki ce, barasa mai ƙarfi, al'adarsu ce su ba baƙo bayan abinci. Na dafa ƙirji na ce "efharisto, den pino", wato na gode, ba na sha. Bai ɓata rai ba. Ya ɗauke, ya dawo da shayin ganyen tsauni da zuma, ya ja kujera ya zauna yana tambayata da hannu daga ina nake.

Lokaci da takardu

Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. A guji Agusta, musamman makon 15 ga wata da Girkawa kansu ke kwarara tsibirai. Da hunturu yawancin otal-otal na Santorini a rufe suke, Kirit kuwa tana nan da ranta. Bizar Shengen yuro 90 ce tun Yunin 2024, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Ofishin jakadancin Girka yana Abuja. Kada a biya otal ɗin da ba a maido da kuɗi kafin biza ta fito. Otal kuma zai karɓi harajin gwamnati na kowane dare a kan kowane ɗaki, daga yuro 2 zuwa 15 gwargwadon taurarinsa. A saka 'yar buta a akwati, don banɗakinsu babu ruwan tsarki.

Ga amarya da ango da hoto ya fi damu, Naksos da Santorini. Ga mai tafiya da iyaye, wanda ke son jam'i kuma ba ya son yawan ɗaga akwati, Rodos. Ga wanda da gaske tarihi da abinci suka kawo shi, Kirit, kuma ita na zaɓar wa ƙanwata.

Ta yi shiru a waya, sannan ta ce: "To Yaya, hoton fa? Kowa Santorini zai tambaye ni." Da yake daga Irakliyo zuwa can awa 2 ce kacal a jirgin safe na lokacin bazara, muka yi sulhu. Su sauka Atina, su yi yini biyu, daren na uku su shiga jirgin ruwa zuwa Haniya. Kwana biyu a can, yini ɗaya a Retimno a kan hanya, yini ɗaya na Kinosos da gidan tarihi. Rana ta takwas su tsallaka Santorini, su ga Akrotiri, su yi layin faɗuwar rana, su kwana ɗaya. Ta tara su koma Atina ta sama su kwana a can, don kada iska ta tashi ranar da jirgin gida ke jiransu. Maigidanta ya karɓi wayar ya tambayi ko za a iya matsa Delfi a wani wuri. Na ce masa ranka ya daɗe, sai wani zuwan.